Gangar Ruwan Sama Don Lambun Gida: Tambayoyi da Amsoshi Ga Ƙungiyoyin Matasa Masu Neman Kuɗin Asusu

Ƙungiyar matasa ba ta rasa abin da take son yi, kuɗin yinsa ne kan gagara: kayan wasa, tafiyar ƙaro ilimi, gyaran ɗakin taro. Waɗanda ba sa son yawon neman taimako sukan nemi abin da za su haɗa da hannunsu su sayar, kuma gangar tarar ruwan sama don lambun gida tana cikin abubuwan da suka dace da hakan. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga shugabannin ƙungiyoyi da iyaye da masu saye, daga na share fage zuwa na aikin hannu da lissafi.

Mene ne bambancin wannan ganga da duron da ake turawa ƙarƙashin indararo?

Duron da aka tura ƙarƙashin indararo buɗe yake, ganye da ƙura suna faɗawa, sauro yana ƙwai a ciki, in ya cika kuma ya tumbatsa a gindin bango. Gangar da za ku sayar tana da abubuwa biyar da suka raba ta da shi: murfi mai kamawa gam, mashigar ruwa da aka rufe da raga, kan famfo kusa da gindi, bututun da rarar ruwa ke fita in ta cika, da mazaunin da ya ɗaga ta daga ƙasa. Girman da aka fi samu shi ne mai cin galan 55 na Amurka, wato lita 208, wanda akan ce mai lita 200. Mai saye zai iya samun ganga a ko'ina. Abin da yake biyan ku shi ne waɗannan biyar ɗin da kuma iya haɗa su.

Me zai sa mai lambu ya saya alhali yana da famfo ko rijiya?

Ruwan sama ya fi dacewa da shuka. Babu sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan famfo a cikinsa, gishirinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke shuka a tukwane yana ba su ruwan rijiyar burtsatse mai nauyi ya san farin ɓawon nan da ke taruwa a bakin tukunya da saman ƙasa. Gishiri ne da alli ke taruwa, kuma a hankali yana ƙona bakin ganye. Ruwan sama yana wanke shi. Yana kuma da ɗan tsami kaɗan, wajen 5.6 a ma'aunin tsami da ake kira pH, abin da yawancin tsirrai ke so.

Bayan haka akwai sauƙin aljihu ga mai biyan kuɗin ruwa, akwai kuma bango. Ruwan rufin da ke dukan wuri guda shekara da shekaru yana zaizaye ƙasa, yana jiƙa harsashin gini. In an kama shi a ganga, aka karkatar da rararsa nesa, gida ma ya amfana.

Ruwa nawa rufi ke iya tarawa?

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya haddace shi: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Ana auna faɗin ƙasar da rufin ya rufe, ba gangarensa ba. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 10, ya karɓi lita 500. A cire wanda ya fantsame da wanda ya tsaya yana jiƙa rufin, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a rufin kwano, za a tashi da lita 400 zuwa 450.

Sai dai ba dukkan rufi ke zuba a wuri ɗaya ba. In ɓangare ɗaya cikin biyu ne ke gangarowa inda gangar take, a raba lissafin biyu. Ko da haka, ruwan milimita 10 ba wani babban ruwa ba ne, amma ya isa ya cika ganga. Ranar da aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, cikin 'yan mintoci za ta cika, sauran duk ta bututun rara zai bi. Shi ya sa amsar da ke gaba kan kafa ganga ta tsaya a kan wannan bututu.

Ganga ɗaya za ta raka lambu har ƙarshen rani?

Ba za ta raka ba, kuma kada ku bari wani ɗan ƙungiya ya ce za ta yi don ya samu ciniki. Kayan lambu suna buƙatar kimanin milimita 25 na ruwa a mako, wato lita 25 ga kowane murabba'in mita, a lokacin zafi ma fiye da haka. Ganga mai lita 200 ke nan za ta shayar da fangali mai murabba'in mita 8 na mako guda, sai ta ƙare. In aka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa, aka riƙa ban ruwa da sassafe ko da yamma a gindin shuka, za ta ɗan ƙara kwanaki, amma ba watanni ba.

Don a ga tazarar: a yankin arewa maso gabashin Brazil mai fama da fari, shirin tankuna miliyan ɗaya da gwamnati ta rungumi ɗaukar nauyinsa a 2003 yana gina wa kowane gida tanki mai lita 16,000, kusan ganga 80 ke nan, kuma wannan na sha da girki ne kawai, ban da lambu.

Amfanin ganga yana tsakanin ruwa da ruwa ne: kwanakin da sama ta ɗauke a tsakiyar damina, irin da aka yafa yana jiran dashe, tukwanen da ke ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya kai musu, da makonnin farko bayan ruwan ƙarshe. Ku faɗi wannan ƙarara. Wanda ya saya da sanin haka zai dawo neman ta biyu. Wanda aka cika wa baki kuwa zai bi gida-gida yana cewa yaran nan sun cuce shi, kuma ƙungiya ba ta da jarin da ya wuce sunanta.

Doka ta yarda kowa ya tari ruwan rufinsa?

A mafi yawan wurare babu mai hanawa, amma dokoki sun sha bamban, don haka a tambaya kafin a fara. A jihar Kolorado ta Amurka, inda ake ɗaukar ruwan da zai gangara kogi a matsayin haƙƙin wasu, sai a 2016 aka halasta wa yawancin gidaje ajiye ganga, ita ma biyu kacal, jimillar galan 110. A jihar Tamil Nadu ta Indiya kuwa akasin haka ne: tun 2003 doka ta wajabta wa gine-gine tarar ruwan sama. A tsibirin Bamuda ma doka ce ta ce kowane gida ya kama ruwan rufinsa a tanki.

Akwai izini iri biyu da akan manta. Mai haya ya nemi yardar mai gida kafin a yanka masa bututun rufi. Ƙungiyar da ke ƙarƙashin makaranta ko wata hukuma kuma ta sami amincewar shugabanninta a rubuce kafin ta karɓi kuɗin kowa.

Mu haɗa da kanmu ne, ko mu saro haɗaɗɗu mu sayar?

Saro haɗaɗɗu ya fi sauƙi: ku tattara masu so, mai kamfani ya kawo, ku ɗauki la'adarku. Ba huda, ba yoyo, ribar kuma ƙarama ce. Haɗawa da kanku ta fi wahala, ta fi riba, tana kuma barin matasa da sana'a a hannu, domin wanda ya iya ɗaura kan famfo ba tare da ɗigo ba ya koyi abin da zai yi masa amfani bayan an manta da wannan asusu. In kuna da babba guda da ya san aikin famfo ko kafinta, da wurin ajiya mai inuwa, ku haɗa da kanku. In ba ku da ko ɗaya, ku fara da saro a shekarar farko, ku sayar da aikin kafawa a kai.

Wace irin ganga ta dace, kuma ina ake samunta?

Ta roba mai kauri wadda aka taɓa zuba kayan ci ko na sha a ciki. Ku duba gindinta ko gefenta, za ku ga alamar kibau uku da lamba 2 a tsakiya, ko haruffan HDPE. Masana'antun lemo da na sarrafa abinci da manyan gidajen burodi sukan tara irinsu, wasu su sayar da araha, wasu su bayar kyauta in ƙungiya ta rubuta takarda ta bayyana manufarta. Lambar 2 kaɗai ba ta wadatar ba, domin da irin robar ake yin gangunan maganin ƙwari ma. Abin da aka zuba a ciki shi ne magana. Duk gangar da ta ɗauki maganin feshi, man inji, fenti ko sinadarin da ba ku san sunansa ba, ku bar ta ko da kyauta ce. Roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta, wanki ba ya fitar da shi duka. Wadda aka kankare takardar jikinta, ita ma a bar ta.

Launi mai duhu, shuɗi ko baƙi, ya fi fari. Farar ganga tana barin haske ya ratsa, gansakuka ta yi kore a ciki ta toshe famfo. In farare kuka samu, duba amsar fenti.

Duro na ƙarfe yana tsatsa, yana da nauyi, kuma akwai haɗari babba a tattare da shi: wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko makamancinsa yana iya fashewa in aka sa masa wutar walda ko injin yanka, ko da ya daɗe babu komai a ciki, saboda tururin da ya rage. Wannan ba aikin matasa ba ne.

Yaya ake haɗa ta?

A fara da wanki da sabulu, a ɗauraye sosai, a kife ta bushe. Sai a yi alama wajen santimita 8 zuwa 10 daga gindi, a huda daidai kaurin kan famfon. Ba a kai shi can ƙasa don laka ta sami inda za ta kwanta ba tare da ta toshe shi ba. A kankare gashin robar da ya tsaya a bakin hudar, a naɗa wa zaren famfon farin tef ɗin masu gyaran famfo, zagaye huɗu ko biyar ta ɓangaren da ake ɗaurewa, a sa zoben roba ciki da waje, a ɗaure da noti daga ciki. Ganga mai murfin da ake cirewa gaba ɗaya ta fi sauƙi a nan, domin hannu yana kaiwa. A ɗaure har zoben ya ɗan baje, a tsaya. In aka ci gaba da murɗawa sai ya tsattsage ya fito ta gefe, yoyon da ake gudu ya samu.

Daga nan a huda ta sama a gefe, ɗan ƙasa da baki, don bututun rara. A yanke mashiga a murfi, a shimfiɗa raga a kai, a danne ta da zobe ko sukurori yadda ba za ta ɗaga ba. Bakin bututun rara ma a sa masa raga.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa: a cika ta da ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin famfon, a bar ta ta kwana. In da safe takardar ta jiƙe, a kwance a sake. Ruwan gwajin a juye shi a ganga ta gaba.

Ba mu da jari. Ta ina za mu fara?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a wannan sana'a ɗan kaɗan ya isa. Ku haɗa ganga ɗaya tak ta gwaji da karo-karon 'yan ƙungiya, ku nuna ta, ku rubuta sunayen masu so, kowa ya ba da kafin alƙalami da zai biya kuɗin kayan gangarsa. Sai an rufe rajista za ku sayi kaya daidai yawan waɗanda suka biya, da ƙarin biyu ko uku saboda kuskuren huda. Ƙungiyar da ta ci bashi ta tara ganguna hamsin tana jiran masu saye, ta mai da kanta 'yar kasuwa mai kwantai. Kayan aiki irin su injin huda a aro su, a mayar da su a ranar da aka yi alkawari.

Yaya za mu yanke farashi?

Ku raba kashe-kashenku gida biyu. Akwai na kowace ganga: ita kanta, kan famfo, zobba, raga, bututu, tef, fenti. Akwai kuma na gaba ɗaya, wanda ba ya canzawa ko ganga biyar kuka yi ko hamsin: bakin injin huda, kuɗin motar ɗauko kaya, buga takardun talla. Ga misali da lambobi kawai. A ce kayan ganga ɗaya sun ci 60, kuna sayarwa 100. Wannan 40 ɗin ba riba ba ce tukuna. In kashe-kashen gaba ɗaya 400 ne, ganguna goma na farko su ne za su biya shi, riba ta fara daga ta goma sha ɗaya. In masu rajista takwas ne kawai, kun yi aikin banza har da cikon asara, gara a ƙara mako ana neman mutane.

Ku duba nawa ake sayar da makamanciyarta a kasuwa. Mutane sukan yarda su ɗan ƙara don sun san inda kuɗin za shi, amma ɗan ƙari ne, ba ninki ba. Kai wa gida da kafawa a yi musu farashi dabam. Sau da yawa ribar kafawa ta fi ta gangar, tunda kusan duk aikin hannu ne.

Ba za mu cika unguwa da sauro ba?

In aka yi sakaci, za a cika. A lokacin zafi sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako guda zuwa kwana goma. Nau'in Aedes aegypti, mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana yana yaɗa zazzaɓin dengi da na shawara, ruwa mai tsabta a cikin mazubi ya fi so. Akwai kuma Anopheles stephensi mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wanda asalinsa na Asiya ne, aka fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 2019. Shi ma tankuna da ganguna ne gidansa.

Maganin shi ne kada a bar masa ƙofa. Raga mai ido bai wuce milimita ɗaya ba a mashiga da bakin bututun rara, murfi kuma ya zauna daram. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da akan manta ita ce gefen da bututu ya ratsa murfi. A cike ta. Ruwan da ke kwanciya a saman murfi ko a magudanar rufin da ta lotsa shi ma wurin ƙwai ne.

Mai ganga ya riƙa leƙawa da tocila sau ɗaya a mako. In ya ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ya juye ruwan a lambu, ya goge bangon ciki da burushi, domin ƙwan Aedes yana manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Inda ake samun maganin Bti, wanda ƙwayar bakteriya ce mai kashe tsutsar sauro ba tare da cutar da shuka ba, ana iya jefa shi. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai.

Ana iya shan ruwan? Kayan lambun da ake ci ɗanye fa?

Ba a sha, ba a girki da shi. Ku rubuta haka da fenti a jikin kowace ganga. Ruwan ya bi ta kan kashin tsuntsaye da na ƙadangaru da ƙura kafin ya iso.

Ga lambu kuwa, a zuba a ƙasa a gindin shuka, kada a watsa a ganye ko a kan 'ya'ya, musamman irin su latas da ake ci ba dafawa. A dakatar da ban ruwan ganga a ranar da za a tsinka, a wanke abin da aka tsinka da ruwa mai tsabta. Masana aikin gona na Jami'ar Rutgers a Amurka sun ba masu shayar da kayan ci shawarar zuba bilic marar ƙamshi, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, kimanin mililita 30 a cikakkiyar ganga, a jira kwana ɗaya kafin a yi amfani da ruwan.

Irin rufin ma abin dubawa ne. Kwano da tayil sun fi kyau. Rufin katakon da aka jiƙa da maganin gara, ko wanda aka shafa wa tsohon fenti mai dalma, ko mai jan ƙarfe, ruwansa a bar wa furanni. Jinka tana rina ruwa, tana kuma shanye da yawa.

Mene ne maganar zubar da ruwan farko?

Ruwan da ya fara sauka bayan kwanaki ba a yi ba shi ke ɗauke da mafi yawan dattin rufi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawar da bututu daga ganga na 'yan mintocin farko, sai dai ruwa ba ya jiran mai gida ya farka. Dabarar da ke aiki da kanta ita ce a rataya wani bututu a tsaye kafin ganga, a toshe ƙasansa da murfi mai zare. Ruwan farko ya cika shi, na baya mai tsabta ya wuce ta kai zuwa ganga. Ana yi wa murfin ƙasan 'yar huda don ya tsiyaye a hankali kafin ruwa na gaba, a riƙa kwance shi ana fitar da laka. Akan ware aƙalla rabin lita ga kowane murabba'in mita na rufi. Bututu mai faɗin santimita 10 yana cin kusan lita 8 a kowace mita, don haka rufi mai murabba'in mita 20 zai so mita ɗaya da 'yan kai. Wannan ƙari ne mai kyau da za ku sayar dabam ga masu shuka kayan ci.

Yaya ake kafa ta a gidan mai saye?

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, cikakkiyar ganga ta haura kilo 200. Ƙasar da ta yi tauri da rani tana iya yin laushi a ruwan farko, gefe ɗaya ya nutse. A share wurin, a daddaɓe, a zuba tsakuwa, a jera bulo a kwance yadda duk gindin gangar zai zauna, a tabbatar bai karkace ba. Tsayin santimita 30 zuwa 50 ya isa bokiti ya shiga ƙarƙashin famfo.

Ku gaya wa mai saye tun wuri cewa ruwan ba zai fito da ƙarfi ba. Famfon gari mai kyau yana da ƙarfin tankin da aka ɗaga mita 20 ko fiye, ganga kuwa saman ruwanta bai fi mita ɗaya da rabi ba. Za ta cika bokiti, za ta bi gajeren tiyo zuwa fangalin da ke ƙasa da ita, amma ba za ta juya abin feshi ba.

Bututun rara kada ya fi na shiga ƙanƙanta. In mai faɗi ne ke kawowa, siriri ke fitarwa, ruwan zai tumbatsa ta murfi ya koma gindin bangon da aka ce za a kare. A kai bakinsa aƙalla mita biyu daga gini, zuwa gindin bishiya ko wani rami mai ciyawa, ba gidan maƙwabci ba.

Akwai haɗari ga yara?

Akwai iri biyu: faɗawa da kifewa. Ƙaramin yaro da ya leƙa da ka ba ya iya juyowa a cikin ganga, ko da rabi ce. Murfi ya zama mai zare ko mai ɗauri da sukurori, ba wanda hannu ɗaya zai ɗaga ba, kuma raga kaɗai ba murfi ba ce. Gangar kuma a ɗaure ta da bango da ɗamara ko waya mai ƙarfi, domin wadda ba komai a ciki iska ma tana kayar da ita. A wajen haɗawa, injin huda da hawa tsani na manya ne ko na waɗanda babba ke tsaye a kansu, da tabarau na kare ido. Ƙanana su yi wanki, aunawa, fenti da rubuta rasit.

Fenti da zane suna ƙara kuɗi?

Suna ƙarawa, kuma nan ne masu hannun zane a ƙungiya ke samun nasu fagen. Wasu ƙungiyoyi sukan ware 'yan ganguna a yi musu zane na musamman a yi gwanjonsu ranar rabo. Sai dai wannan roba ba ta son fenti. In ba a goge ta da samfefa har ƙyallin ya mutu ba, aka shafa fentin shimfiɗa na roba kafin na ado, damina ɗaya za ta sa ya ɓare kamar ɓawon albasa. A jikin ganga ta waje kawai ake shafawa, ban da ciki. Farar ganga a fara mata da shafe mai duhu don tare haske, sannan a ɗora launin da ake so.

Yaushe za mu fara talla, kuma ta yaya?

Wata biyu kafin faɗuwar damina a buɗe rajista, a raba kaya kafin ruwan farko. In ruwa ya yi nisa, sha'awa ta tafi. Tallar da ta fi ci ita ce a ga abu yana aiki: ku kafa gangar gwaji a inda jama'a ke taruwa, da ɗan guntun kwano a sama, wani ya zuba ruwa da bokiti, wani ya buɗe famfo. Ɗan gajeren bidiyon hakan a WhatsApp ko Facebook ya fi dogon rubutu. Ku faɗi takamaiman abin da za a yi da kuɗin, domin "tallafa wa matasa" ba ya motsa kowa kamar "sayen littattafai ɗari na ɗakin karatu". Ku fara da masu sayar da irin shuka da waɗanda kuka ga tukwane a ƙofar gidansu.

Wa zai riƙe kuɗin?

Ba mutum ɗaya ba. Ma'aji ya karɓa, magatakarda ya rubuta, wani babba ya riƙa duba littafin kowane mako. Kowane mai saye ya sami rasit mai lamba, kwafinsa ya zauna a littafi. Kafin alƙalami amana ce har sai an miƙa ganga, kada a taɓa shi don wata hidima. In an gama, a karanta lissafi a gaban kowa, a kuma sanar da masu saye abin da aka samu da abin da aka yi da shi.

Mai saye yana son ganga biyu ko uku. Yaya ake haɗa su?

Hanya biyu ce. In aka haɗa ta sama, bututun rarar ta farko ya zuba a ta biyu, kowace da famfonta. In ɗaya ta yi yoyo, sauran suna nan. In aka haɗa ta ƙasa da gajeren tiyo, duk suna cika tare suna sauka tare, famfo ɗaya ya isa, amma dole su zauna a tsayi ɗaya, kuma huda guda tana iya zubar da duka. Ga masu farawa, ta sama ta fi aminci. Kafin a ƙara, a koma lissafin rufi a ga ko zai cika su, ta ƙarshe kuma ita ma tana buƙatar bututun rara da raga.

Bayan an sayar, wace kulawa ake bukata, kuma in ta yi yoyo wa zai gyara?

Ku ba kowane mai saye takarda shafi ɗaya: a share magudanar rufi da raga kafin damina da kuma duk lokacin da ganye ya taru, a yi amfani da ruwan cikin mako ɗaya ko biyu don a sami wurin na gaba, a wanke ciki sau ɗaya ko biyu a shekara. In ruwan ya fara wari, ganye ne ya ruɓe a gindi, a juye a wanke. Da rani a kife ta a inuwa, domin rana tana sa roba ta yi gautsi. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa kuwa, dole a juye ta a bar famfo a buɗe kafin hunturu, saboda ƙanƙara ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, tana tsaga ganga da kan famfo.

Game da gyara, ku yanke wa'adi ku rubuta a rasit, misali damina ɗaya: yoyon da ya fito daga haɗinku, ku gyara kyauta, abin da ya faɗi ko aka fasa, mai shi ya biya kaya. Ku ajiye zobban roba da tef da guntun raga a wurin mutum guda, ku ware mutum biyu da za su zaga gidajen bayan babban ruwa na farko. Yawancin ƙorafi a wannan zagayen ake kashe shi: noti ya saki, bulo ya nutse, ko bututu ya goce daga mashiga. A littafin rasit ɗin ku rubuta gidan da aka ce ana son ƙari ko bututun ruwan farko, da su za a buɗe rajistar baɗi.